Kan da Gambiza Ya Ɗora wa Dattijuwa

Ƙanena bakanike ne, kuma duk wanda ya san shi a bakin aiki da Gambiza ya san shi. A gida Auta muke ce masa, ko da yake yanzu furfura ta fara leƙo masa a gemu, 'ya'yansa kuma sun kamo shi a tsawo. Sunan Gambiza daga bakin Babanmu ya fito. Auta yana ɗan saurayi ya samo gaban wani keke da bayan wani, ya kai wa mai walda ya liƙa masa su, ya hau ya shigo gida yana kaɗa ƙararrawa, baki har kunne. Baba yana zaune yana yanke farce, ya ɗago ya dubi keken sama da ƙasa, ya ce, "Haɗin gambiza ke nan." Ya mayar da kansa kan farcensa. Muka kwashe da dariya, yaran layi suka ɗauka, shi ke nan suna ya bi shi har garejin da ya koyi aiki, ya kuma bi shi wanda ya buɗe na kansa.

Abin da ya yi fice a kai shi ne haɗa injin da ba a ƙera shi tare ba. Ni tela ce, ban san komai a mota ba sai shiga da fita, amma zama da shi ya sa na san wannan. Inji gida biyu ne. Akwai gangar jikin, wadda suke kira bulok, inda fistin ke hawa da sauka. Akwai kuma kan da ake kifawa a sama, inda bawul da fulogi suke. A tsakaninsu akwai wata 'yar shimfiɗa mai huje-huje da suke kira gaskit, ta cikin hujojin nan ruwa da baƙin mai ke bi daga ƙasa su hau sama. In kai ya tsage, sai a nemo irinsa. In irinsa ya ƙare a kasuwa, sauran makanikai sai su ba mai mota haƙuri, su nuna masa hanyar 'yan gwangwan. Auta kuwa sai ya buga hoton hujojin a jikin kwali, ya soka kwalin a hammata, ya shiga kasuwar tsofaffin kayan mota yana gwadawa a kan kawunan wasu motoci dabam, har ya dace da wanda za a iya lallaɓawa.

Mutum ne marar hayaniya. Sai dai in ya tsuguna a gaban inji za ka ji yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Direbobi daga nesa suke zuwa nemansa, kuma motocin da tuni ya kamata a ce an narkar da su an yi tukwane, ga su nan suna yawo a titi albarkacinsa. Amma ban taɓa jin ya yi maganar aikinsa a gidanmu ba. In zai je gaida Baba sai ya dirje hannuwansa da sabulu har su yi ja, in wani ya tambaye shi aiki ya ce, "Da godiya," ya kawo wani zancen.

Dalili kuwa Baba ne. Tsohon direba ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan doguwar hanya da manyan motoci, da ƙarfi ya fara ja baya sai ya sauka ya sayi 'yar a-kori-kura yana ɗaukar kaya a cikin gari. Ita ce Dattijuwa. Abin tinƙahon Baba a duniya, bayan mu, kai wani lokacin ma kafin mu, shi ne kunnensa. Mota za ta gifta ta ƙofar gida yana kurɓar shayi, ya ce, "Wannan ta kusa kwanciya," kuma ba a daɗewa za a gan ta ana turawa. Direbobi kan tsaya musamman su tayar masa da mota ya saurara ya gaya musu ciwonta kafin su je gareji, don kada a yi musu wayo. A wurinsa kowane inji da muryarsa, kuma da ita yake fitowa daga inda aka ƙera shi. Aikin Auta kuwa bai ɗauke shi gyara ba. "Kan wani, jikin wani," in ji shi, "wannan ai rufa-ido ne." Bai taɓa faɗa da zafi ba, kuma da zafin ne da ya fi sauƙi. Cikin raha yake faɗa, a gaban baƙi, kowa ya yi dariya, Auta ma ya yi tasa ta yaƙe. Dattijuwa ba ta taɓa taka garejin Auta ba. Wani tsohon bakanike abokin Baba ne ke duba ta, har Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan rasuwar mutumin nan ba da daɗewa ba, bel ɗin fanka ya tsinke wa Baba a hanya. Mota ta yi zafi, kafin ya ankara kan injin ya tsage. Da a da ne, tun bel ɗin yana kuka zai faka a gefe. Na yi wannan tunanin na haɗiye abina, don mun jima da lura sai an maimaita masa magana, rediyonsa kuma har maƙwabta na jin labarai kyauta. Amma wa zai tunkari Baba ya ce masa kunnensa ya fara nauyi? Ba dai ni ba.

Aka janyo Dattijuwa aka ajiye a ƙofar gida. Baba ya koma zaman benci yana kallonta, abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. Tun rasuwar Innarmu ban ga ya yi laushi haka ba. Ran nan ina gidan ya aika aka kira Auta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ka ga halin da Dattijuwa take ciki."

"Na gani, Baba."

"To ga ta nan, na ba ka. Amma ka ji ni da kyau. Kai irin nata nake so, wanda aka yi ta da shi. Kada ka kawo mini gambizarka nan."

"Ko a ƙarƙashin ƙasa yake zan tono shi, Baba."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Na kalli fuskar ƙanena, ƙaton magidanci, tana ta walwali kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi. Tunda ya fara riƙe sifana, ranar ce ta farko da Baba ya nemi wani abu daga hannunsa. Har na ji ƙwalla ta taru mini, na wayance da kwashe kwanuka.

Ya nema, wannan ni shaida ce. Ya rufe gareji ya bi kasuwanni, ya buga wa mutanensa na wasu garuruwa waya, ya tura hotuna. Ya samu ɗaya, tsagarsa ta fi ta namu muni. Ya samu wani, an goge shi an goge har ya zama kamar tsohon faifai, ba ya ƙara zama daidai a kan komai. Masu ƙera motar sun daina irinta tun Auta bai iya ɗaura wando ba. A can gida kuwa Baba ya wartsake, yana cin abinci, duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya ji labari: yaron nan ya bazama neman kan Dattijuwa, kuma na asali zai kawo.

Wata rana da la'asar ina kan keken ɗinki na ji ana buɗe ƙyauren gidana gaba ɗaya. Na leƙo, sai ga Dattijuwa ana turo ta farfajiya, Auta na riƙe da sitiyari ta taga. Ya sallami waɗanda suka taya shi, ya mayar da ƙyaure ya rufe.

"Yaya, rumfar nan ta baya, kina wani abu da ita?"

"Garejinka gobara ya yi?"

Ya sosa ƙeya. Ya ɗaga wani buhu a bayan motar, ga kan inji a kwance, an wanke shi tas. Ko ni da ban san komai ba na ga bai yi kama da wanda aka cire ba.

"Babu, Yaya. Wallahi babu. Wannan na wata ƙanwarta ne da aka yi daga baya, zai hau in an lallaɓa shi. In na yi a gareji, direbobin da ke zama wurin Baba za su gani."

"To ka je ka ce masa babu mana. Ƙarshenta dai ya yi faɗa ya gaji."

"Jiya na je. Ya tare ni tun daga bakin ƙofa yana tambaya. Na ce masa an samu, yana hanya."

"Ka ce masa me?"

"Bakina ne ya riga ni, Yaya."

"To bakin naka ya ɗauki sifana ya gyara! Kai da girmanka, da 'ya'yanka, ka zauna ka shirga wa tsoho ƙarya, sannan ka kwaso ta ka kawo mini gida?"

Ya tsaya yana murza hula a hannu. Na yi faɗana har na gaji, na shiga na kwashe kwandunan da ke rumfar. Ƙanena ne, ni na goye shi.

Nan na ga aikin da idona a karon farko, kuma duk haushin da nake ji sai da na riƙa barin ɗinki ina leƙowa. Kullum ya tashi daga gareji da rana tsaka ya zo, ya yi har hasken rumfar ya gaza. Ya kifa kwalinsa a kan bulok, ya bi gefen kowane rami da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali har hoton ya fito, sannan ya ɗora kwalin a kan sabon kan. Yawancin ramukan suka hau juna. Wasu na ruwa suka kauce kaɗan, ya zauna da zarto yana faɗaɗa su, yana busawa, yana shafawa da yatsa. Ɗaya ya faɗo inda babu abokinsa a ƙasa, ya toshe shi da tagulla. Hanyar baƙin mai ce ta ba shi wuya, don ta kan tana gabas ta bulok tana yamma. Ya yini yana kallonta yana ƙunƙuni, daga baya ya samo wani siririn bututu ya zagayo da man ta waje, ta bayan injin inda ido ba ya kaiwa.

Har sabulun wankina bai tsira ba. Na fito na tarar ya gutsuri rabinsa, ya jiƙa ya murza, ya manna a kan fistin.

"Wanka za ka yi mata?"

"Gwaji ne, Yaya. Zan rufe in juya injin da hannu. In bawul ya sauko ya taɓa fistin, zan ga sawunsa a jikin sabulun. Gara ya ci sabulu da ya ci ƙarfe."

Ya rufe, ya juya, ya buɗe, ya ɗaga sabulun a haske yana duban zurfin sawun. Bai gamsu ba, ya je aka yanko masa gaskit mai kauri, ya sake gutsurar sabulu. A wannan lokacin fuskarsa a sake take, har 'yar waƙa yake yi ta hanci. In dai hannunsa na cikin ƙarfe, mantawa yake yi da dalilin da ya sa yake ɓoye a bayan gidan yayarsa.

Da aikin gaskiya ya ƙare sai aka shiga na ɓoyo, nan kuma waƙar ta ɗauke. Murfin tsohon kan, wanda Baba ya saba gani in ya ɗaga bonet, bai hau sabon ba. Auta ya yanko farantin ƙarfe ya yi masa mazauni, ya ɗora tsohon murfin da tsatsarsa da lotsawarsa. Ya mayar da tsohuwar tukunyar tace iska da ke saman injin. Inda ƙarfe ya cika ƙyalli ya shafa masa baƙin mai da ƙura. Yana yi yana waiwayen ƙofa, ko kaza ta yi motsi sai ya zabura.

Ranar da ya tayar da ita, bugu ɗaya ta kama. Ya ɗauke ƙafa daga totur, ta tsaya a silo lafiya lau, ba rawa ba gargada, sauti sumul. Na yi guɗa ban sani ba. Shi kuwa ya tsaya ya karkata kai, ya ɓata fuska.

"Me kuma?"

"Ta yi kyau da yawa. Dattijuwa tana da wani ɗan ƙas-ƙas a ƙasan muryarta, Baba na ce masa tarinta. Yanzu babu."

"To ba shi ke nan ba, ta warke?"

"Shi zai fara nema."

Ya kashe ta, ya kwance murfin, ya sa sifana a kan bawul ɗaya wanda ya ɓata lokaci yana saitawa, ya sassauta shi da gangan. Ya tayar, ya saurara, ya kashe, ya ƙara taɓawa, har ɗan ƙas-ƙas ɗin ya fito daidai yadda yake so. Ya daɗe a tsaye da sifanar a hannu. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tunda nake ban taɓa ɓata aiki da sanina ba sai yau." Ya je bakin famfo ya yi ta wanke hannu.

Muka kai ta da safe. Baba na kan benci da wasu abokansa. Auta ya faka, ya bar ta tana aiki, ya fito ya tsuguna gefe, gumi na bin wuyansa alhali ko rana ba ta yi zafi ba. Na tabbata a ransa ya gama shirya karɓar zagi. Baba ya tashi ya zagaya, ya ɗaga bonet, ya dafa tsohon murfin, ya sunkuyar da kai ya rufe ido. Da ya buɗe su, sun kawo ruwa.

"Ita ce," ya ce. "Kun ji ɗan tarin nan? Tun ranar da na saye ta take yin sa. Ko cikin mota dubu aka sa ta zan ware ta." Ya juyo. "Auta, taso." Ya kama hannunsa ya riƙe a gaban mutane. "Allah ya yi maka albarka. Yau ka yi aikin makanikai. Daga yau kada in ƙara jin wani ya ce masa Gambiza a ƙofar gidan nan."

Mutane suka amsa da amin. Auta ya sunkuyar da kai. Fuskarsa ta yi fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne motar ta fi da lafiya. Hawan da take yi da ƙyar tana nishi, yanzu sai ta haye da kaya ba ta ko tari na gaske. Mai ma ta rage sha. Baba ya samu abin faɗa. "Kun ga amfanin abu na asali? Da yaron nan ya yi mata irin haɗe-haɗensu, da yanzu tana kwance." Ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa wa mai faci, ya faɗa wa duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa lafiyar mota. Kuma kullum da abu ɗaya yake rufewa: shi da kunnensa ya tabbatar.

Auta ya fara ɗauke ƙafa daga gida. Mutumin da kullum sai ya biya ya gaida Baba kafin ya wuce gareji, ya koma aiko matarsa da saƙo. In ya zo, daga bakin ƙofa zai durƙusa ya gaisar, ya ce ana jiransa. Baba ya ɗauka aiki ne ya yi masa yawa, har yana ƙara yabonsa a kan haka. Auta kuwa ya rame, wandonsa ya fara zamewa. Ni ma abin bai bar ni ba, in Baba ya fara labarin sai in tashi in shiga ciki kamar na manta wani abu a wuta.

Na same shi a gareji wata rana yana zaune a kan tsohuwar taya, ga aiki a gabansa bai taɓa ba.

"Haka za ka zauna har ka ƙare? Tashi mu je ka faɗa masa, ni zan tsaya maka."

"Yaya, da ya gane a ranar, ya zage ni a gaban mutane, wallahi da na huta. Na je ne da shirin haka."

"To yanzu ma bai ɓaci ba."

"Ya ɓaci. In na faɗa yanzu, ba ƙaryata kaɗai zan tona ba. Zan gaya masa ne cewa ya sa kunne a kan motarsa ta shekara da shekaru bai gane ta ba, kuma ya bi gari yana rantsuwa a kai. Ƙarfi ya tafi, ido ya fara tafiya, Inna ta tafi. Me ya rage masa in ba kunnen ba?"

Na zo da faɗa cike da bakina, na koma da shi. Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya jawo, kuma tausayinsa ya hana ni in ce masa haka.

Aka yi watanni a haka. Sai ga Kawu Kwandasta ya dawo gari. Ba ɗan'uwanmu ba ne, yaron motar Baba ne tun zamanin manyan motoci, ya kuma bi shi kan Dattijuwa kafin ya samu tasa. Ya tsufa, ya yi jikoki, amma sunan bai sake shi ba, shi ma har gobe Maigida yake ce wa Baba. Ya daɗe a wurin ɗansa a wani gari inda aka yi masa aikin ido, ya dawo yana gani tar, yana kuma son kowa ya san haka. Baba ya aika wa Auta cewa lallai ya zo da hantsi, ba uzuri, yana so ya nuna wa Kwandasta motar a gaban wanda ya yi aikin. Ni ma ina gidan, na kawo wa Baba rigar da na ɗinka masa, ina tsaye daga bakin ƙofa.

Benci ya cika. Baba ya ba da labarin tun daga tsinkewar bel, ya ƙawata inda ya saba ƙawatawa, sannan ya ce a ɗaga bonet. Kawu Kwandasta ya leƙa, ya ƙara leƙawa, ya zura kai har bayan injin. Sai ya ɗago yana dariya yana tafa hannu.

"Kai, Maigida! Ashe ka sauko? Ashe da rabon in ga ranar da za ka yarda a yi wa Dattijuwa haɗi!"

Baba ya karkato kunne. "Ka ce me?"

"Na ce haɗin ya yi kyau!" ya ɗaga murya, har mai shagon tsallake ya juyo. "Fulogin nan ai a miƙe suke a da, sau nawa na ƙona hannu wurin kwance su? Ga su yanzu a karkace. Ga kuma bututun mai an zagayo da shi ta baya, wallahi sai ka sa ido sosai. Auta, Allah ya yi wa hannun nan naka albarka. Ko masu ƙera ta sai haka."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, yabo yake yi. Ni kuwa na dubi Auta.

Baba ya yi dariya. "Idon da aka wanke maka ne ya fara nuna maka abin da babu. Wannan kanta ne na asali, ni na saurara da kaina. Auta, gaya masa."

Auta na tsugune a gefen taya. Bai ɗago ba.

"Auta, da kai nake. Gaya masa inda ka samo shi."

"Baba," ya ce, "gaskiyar Kawu ne."

Kawu Kwandasta ya dubi wannan ya dubi wancan, dariyar ta bushe a fuskarsa, ya cire hula ya rasa inda zai ajiye ta.

"Na nema ban samu ba, Baba. Na wata motar ne na ɗora. Murfin ne kawai nata. Na ji kunyar in dawo maka hannu Rabbana, na yi maka ƙarya. Ka yafe mini."

Na zaci Baba zai ɗaga murya, har na matso don in shiga tsakani. Bai ɗaga ba. Ya dubi injin, sannan ya tambaya a hankali, kamar mai neman a taimake shi.

"To tarin fa? Na ji tarinta."

Da Auta ya yi shiru a nan, da wataƙila an rabu a haka. Amma ya riga ya gaji da ɗaukar abin, ya sauke shi gaba ɗaya.

"Ni na sa mata, Baba. Na sassauta bawul ɗaya don ka ji shi."

Wani daga cikin tsofaffin ya yi salati ƙasa-ƙasa. Wani ya miƙe ya ce ana jiransa a gida, ba wanda ya amsa masa, ya koma ya zauna. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige, na ja ƙanena mun tafi tare.

Baba ya laluba aljihu ya ciro makulli ya miƙa wa Auta.

"Tayar da ita."

Auta ya shiga ya tayar. Baba ya dafa gefen motar da hannu biyu, ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa murfin, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Ya juya ɗaya kunnen.

"Ba ta wuta."

Ya ba ta.

"Sake."

Ya sake. Ba mai motsi a kan benci. Ina ganin jijiyar wuyan Baba ta miƙe saboda tsabar saurare.

"Kashe."

Injin ya mutu. Baba ya miƙe a hankali, bai dubi Auta ba, bai dubi abokansa ba. Sai ya juya wajen Kawu Kwandasta, mutumin da shi da bakinsa ya koya wa sauraren inji.

"Kwandasta," ya ce, "wallahi har yanzu ban ji bambanci ba."

Ya tako ya wuce ta gabana ya shiga gida, bai karɓi rigar ba. Auta na zaune a mazaunin direba da hannuwansa a kan cinya, ya kasa fitowa.